Ƙudurin Sabuwar Shekara a Tarihin Ikilisiya: Edwards, Wesley da Sabunta Alkawari

Daren 31 ga Disamba yana cikin dararen da majami'u suka fi cika. Mutanen da ba a ga ƙeyarsu ba tun Ista sukan zo, su zauna har ƙarfe goma sha biyu, suna jiran fasto ya faɗa musu yadda za su shiga sabuwar shekara. Abin da mai hidima zai faɗa a wannan dare yana da nauyi. Mutumin da aka zuga ya yi wa Allah alkawari a gaban jama'a, sa'an nan ya karya shi kafin Fabrairu ya kama, ba ya cika komawa yadda yake a dā. Wani yakan fid da zuciya, wani kuma yakan saba da yin alkawarin da ba ya nufin cikawa, wanda shi ne ya fi muni. Saboda haka ya kamata ma'aikacin ikilisiya ya san inda wannan al'ada ta fito, da abin da waɗanda suka kafa ta suke nufi da ita.

Ranar da ikilisiyar farko ta ƙi

Sabon Alkawari bai ba da umarni game da sabuwar shekara ba. Isra'ilawa suna da nasu lissafi: Fitowa 12 ta sa watan Idin Ƙetarewa ya zama farkon watanni. Ranar 1 ga Janairu kuwa ta Romawa ce. Tun shekara ta 153 kafin haihuwar Almasihu, a wannan rana ce manyan hakimai biyu da ake zaɓa kowace shekara suke kama aiki, kuma Yuliyus Kaisar ya tabbatar da ita a kalandarsa da ta fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Almasihu. Sunan watan ma daga Janus aka samo shi, gunki mai fuska biyu, ɗaya tana duban baya ɗaya tana duban gaba.

Romawa sun san yin wa'adi a wannan rana. Sababbin hakiman sukan hau haikalin gunkinsu Jufita, su yanka fararen bijimai don cika wa'adin bara, su kuma ɗauki sabo: in ka kiyaye mana ƙasa bana, baɗi ma za ka samu. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Talakawa kuma sukan yi musayar kyautai, su yi shaye-shaye, su duba alamu don sanin ko shekarar za ta yi kyau.

Iyayen ikilisiya sun yi gāba da wannan biki. Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi a kansa a Antakiya wajen ƙarshen ƙarni na 4, yana tsawata wa masu camfin cewa yadda mutum ya wuni ranar farko haka shekararsa za ta kasance. Agustin, a Afirka ta Arewa, ya gargaɗi jama'arsa su ba matalauta sadaka maimakon musayar kyautai, su yi azumi a lokacin da arna suke buguwa. A shekara ta 567 majalisar bishof-bishof da ta zauna a Tours, a ƙasar Faransa ta yau, ta tabbatar da addu'o'in tuba a kwanakin farko na Janairu don danne al'adun arna, da kuma tunawa da kaciyar Yesu a ranar 1 ga wata, wato rana ta takwas bayan Kirsimeti, bisa ga Luka 2:21.

Har lissafin shekarar ma ƙasashen Kirista da yawa sun ɗauke shi daga Janairu. A Ingila shekarar hukuma tana farawa ne ranar 25 ga Maris, ranar tunawa da albishir ɗin mala'ika ga Maryamu, kuma haka aka ci gaba har 1752, ko da yake jama'a ba su daina kiran 1 ga Janairu ranar sabuwar shekara ba. Wannan ya shafi mutane biyun da za mu duba yanzu, domin dukansu an haife su a 1703, ƙarƙashin tsohon lissafin.

Saurayi mai ƙuduri 70

Duk lokacin da aka yi maganar ƙudurin sabuwar shekara a tsakanin masu bishara, sunan Jonathan Edwards yakan fito. An haife shi a Connecticut, a Amurka, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Ya yi karatu a Yale, kuma a watan Agusta 1722 ya tafi New York ya riƙe wata ƙaramar ikilisiyar Firesbiteriya. A can ne, yana ɗan shekara 19, ya soma rubuta wa kansa ƙudurori, har suka kai 70.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya lura da shi: waɗannan ba ƙudurorin sabuwar shekara ba ne. Ya rubuta su kaɗan-kaɗan daga ƙarshen 1722, na ƙarshe kuma yana ɗauke da kwanan wata 17 ga Agusta 1723. Mutanensa 'yan Furitan ba su damu da keɓe ranaku ba. A Massachusetts har doka aka taɓa kafawa ta hana bikin Kirsimeti, daga 1659 zuwa 1681. Mutanen baya ne suka jingina Edwards da Janairu.

Ƙudurorin sun taɓa manya da ƙananan abubuwa: ɗaukaka Allah a kome, nazarin Littafi Mai Tsarki a kai a kai, ƙin ɓata lokaci, kamewa wajen ci da sha, ƙin yin ramuwa, kame baki daga ɓata sunan wani, da yawan tunawa da mutuwarsa. Babu ko ɗaya a ciki game da girman ikilisiyar da yake so ya samu ko matsayin da yake so ya taka. Duka a kan halinsa ne a gaban Allah. Ya buɗe su da furcin cewa ba zai iya kome ba sai da taimakon Allah, ya kuma umarci kansa ya riƙa karanta su sau ɗaya kowane mako. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa binciken kansa kowane dare, da ƙarshen mako, da ƙarshen wata, da ƙarshen shekara. Wato shekara ita ce ma'auni mafi nisa a wurinsa. Ainihin aikin na kullum ne.

Amma wanda ya karanta ƙudurorin bai karanta littafin da Edwards yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ba, rabin labari ya ji. A ranar 2 ga Janairu 1723, makonni kaɗan da fara wannan tsari, ya rubuta cewa zuciyarsa ta yi sanyi, kuma ya gane ta wurin gwaji cewa ƙuduri da dabara ba su kai mutum ko'ina in Ruhun Allah bai motsa ba. Kwana goma bayan haka, ranar 12 ga wata, ya rubuta cewa ya sabunta alkawarin baftismarsa, ya miƙa kansa ɗungum ga Allah har ba shi da sauran iko a kan kansa. Littafin cike yake da hawa da sauka: yau zafi, gobe sanyi, jibi zargin kai. Da ya manyanta ya waiwayi waɗannan shekaru, ya yarda cewa ya nemi tsarki da himma ƙwarai, amma da dogara ga ƙarfin kansa fiye da kima.

A ganina wannan shaida ta dattijo Edwards ta fi ƙudurorin saurayi Edwards amfani ga mai kiwon jama'a. Bai ce ƙudurorin banza ne ba. Abin da ya gano shi ne mutum yana iya rubuta a saman takarda cewa sai da taimakon Allah, alhali a cikin zuciyarsa da ƙarfinsa yake lissafi.

Wesley: daga dokoki zuwa daren tsaro

John Wesley ya bi irin wannan hanya a Ingila. Tun 1725 yake rubuta yadda yake tafiyar da lokacinsa. A Oxford, daga 1729, shi da ƙanensa Charles da abokansu sun tsara wa kansu lokutan addu'a da azumi da ziyarar kurkuku, har ɗalibai suka yi musu laƙabin ba'a, Metodis, wato masu bin tsari. Duk da wannan tsari ya dawo daga aikin mishan a Georgia a farkon 1738 da karyayyar zuciya, ba shi da tabbacin cetonsa. Tabbacin ya zo masa ranar 24 ga Mayu 1738 a wani taro a titin Aldersgate a Landan, lokacin da ake karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa. Bai watsar da tsari ba bayan haka, ya ma ƙara. Sai dai tsarin ya tashi daga zama hanyar neman karɓuwa a wurin Allah, ya koma hanyar tafiyar wanda aka riga aka karɓa ta wurin alheri.

Sabuwar shekarar da ta biyo baya ta same shi a Fetter Lane, a Landan, tare da Charles da George Whitefield da 'yan'uwa wajen 60, a taron zumunci irin wanda suka koya daga 'yan'uwan Morabiya. Suna cikin addu'a, wajen ƙarfe uku na dare ranar 1 ga Janairu 1739, sai ikon Allah ya sauko musu har da yawa suka fāɗi ƙasa. Cikin watanni kaɗan Whitefield da Wesley suka fara wa'azi a fili a wajen Bristol.

Kwanan zaune na addu'a a matsayin tsayayyar al'ada kuwa daga talakawa ya fito. Masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da Bristol, sun saba raba dare a gidajen giya. Da suka tuba, sai wasunsu suka fara raba daren cikin addu'a da yabo. Aka ba Wesley shawara ya hana. Ya auna maganar, ya ga Kiristocin farko ma sun yi tsaron dare, sai ya shiga ciki da kansa ya ba abin tsari. An yi na farko a Landan ranar 9 ga Afrilu 1742. A kan zaɓi Jumma'ar da ta fi kusa da tsakiyar farin wata, domin mutane su ga hanyar komawa gida, a fara da ƙarfe takwas da rabi a tashi jim kaɗan bayan sha biyu. Wanda ya taɓa hidima a ƙauyen da babu lantarki zai gane hikimar wannan. Da farko kusan kowane wata ake yi. A hankali na ƙarshen shekara ya rinjayi sauran, shi ne ya wanzu. Baƙaƙen Kiristocin Amurka sun ƙara masa wata ma'ana a daren 31 ga Disamba 1862, lokacin da suka taru a majami'u suna jiran shelar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln da za ta fara aiki da wayewar gari.

Sujadar sabunta alkawari

Daren tsaro rabi ne na abin da Wesley ya bari. Ɗaya rabin, wanda bai yaɗu kamar na farkon ba, shi ne sujadar sabunta alkawari, kuma tushenta yana cikin wahala.

A 1662 gwamnatin Ingila ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane limami ya amince da littafin addu'a na ikilisiyar ƙasa gaba ɗayansa. Masu hidima wajen 2,000 suka rasa aikinsu da gidajensu saboda lamirinsu bai yarda ba. Kakannin Wesley biyu, na wajen uwa da na wajen uba, suna cikinsu. Haka ma Richard Alleine da surukinsa Joseph Alleine, wanda aka ɗaure a kurkuku a 1663 saboda ya ci gaba da wa'azi. A wannan shekara ce Richard ya buga littafin da ke ɗauke da jagora da addu'ar yin alkawari da Allah. Mutanen da suka tsara waɗannan kalmomi sun san ma'anar a raba mutum da bagadinsa da albashinsa rana ɗaya.

Wesley ya ɗauki abin da aka tsara don mutum ɗaya a ɗakinsa ya mai da shi na taron jama'a. Yadda ya shirya na farkon abin koyi ne. Ranar 6 ga Agusta 1755 ya gabatar da maganar ga jama'arsa a Landan. Ya yi ta bayyana ta safiya bayan safiya. Ranar Jumma'a da yawa suka yi azumi. Sai ranar Litinin 11 ga wata, a majami'ar Faransawa da ke Spitalfields, ya karanta kalmomin Alleine, mutane wajen 1,800 suka miƙe tsaye alamar sun amince. Kusan mako guda na koyarwa kafin a ce wa kowa ya tashi. Lura kuma cewa a Agusta aka yi shi. Daga baya ne a Landan aka mai da shi ranar sabuwar shekara, sa'an nan Lahadi ta farko ta Janairu. Wesley ya buga jagorar a ɗan littafi a 1780.

Abin da ke cikin alkawarin shi ne ya bambanta shi da jerin buri. Mai buri yakan rubuta abin da zai yi da abin da yake so ya samu. Mai wannan alkawari kuwa yana furta zunubinsa, ya karɓi Almasihu a matsayin Mai Ceto da Ubangiji, sa'an nan ya bar wa Allah zaɓin aikinsa da matsayinsa a shekarar. An faɗa masa ƙarara tun kafin ya tashi cewa wasu hidimomin Almasihu masu sauƙi ne da daraja, wasu kuwa sun saɓa wa son ransa da amfaninsa. Ya yarda da wadata, ya yarda da rashi, har ya yarda a ajiye shi gefe ba a yi aiki da shi ba, in haka Ubangiji ya so. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa masu hidima wuya. Fasto yana iya yin wa'azin sadaukarwa da ƙarfi, amma ranar da majalisa ta ɗauke shi daga babbar ikilisiyar birni ta tura shi ƙauyen da babur kaɗai ke shiga da damina, ko ta ba ƙaninsa a aiki kujerar da yake hange, a ranar ce za a san ko ya taɓa yin irin wannan alkawari.

Akwai masu ƙin wannan al'ada, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mai Hadishi 5 ya yi kashedi a kan gaggawar yin wa'adi, labarin Yefta yana nan, Bulus kuma ya tsawata wa Galatiyawa a kan kiyaye ranaku da watanni da shekaru. Amma Littafi Mai Tsarki ɗin nan ne ya nuna Joshuwa yana tara jama'a a Shekem, da Yosiya a Haikali, da Nehemiya bayan gina garu, duk don sabunta alkawari. A Joshuwa 24 an fara da dogon lissafin abin da Allah ya riga ya yi, kafin a nemi amsar jama'a. Da suka amsa da sauri, Joshuwa bai yaba musu ba. Ya ja musu kunne cewa abin ya fi ƙarfinsu. Alkawarin Nehemiya 10 kuma ya sauko har kan ƙananan abubuwa: ciniki ran Asabar, sulusin shekel a shekara, da kuri'ar kawo itacen bagadi. Wannan ya nuna ƙayyadadden ƙuduri yana da wurinsa. Sai dai sura ta 13 ta nuna abin da ya faru da Nehemiya ya yi tafiya ya dawo: Lawiyawa sun koma gonakinsu don ba a ba su rabonsu ba, 'yan kasuwa kuma suna ciniki ran Asabar. An sa hannu, an buga hatimi, amma ba mai bin sawu.

Wesley yana da mai bin sawu. Tun Fabrairu 1742, a Bristol, aka raba jama'a ƙungiya-ƙungiya ta mutum wajen goma sha biyu. Asalin abin don tara kuɗin biyan bashin ɗakin taro ne, kowa ya ba da ɗan abu kaɗan a mako, amma nan da nan aka ga amfaninsa na kiwo. Kowane mako shugaban ƙungiya yakan tambayi kowa yadda ransa yake tafiya. Kowane wata uku a sabunta katin zama memba, kuma da wannan kati ake shiga irin waɗannan tarurruka na jama'ar. Don haka wanda ya miƙe a Janairu ya san mako mai zuwa akwai wanda zai dube shi ido da ido ya tambaye shi. Abin da Edwards ya yi ƙoƙarin yi wa kansa shi kaɗai da takarda, Wesley ya ɗora wa 'yan'uwa su yi wa juna.

Abin da ya iso gare mu

Yawancin ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa sun fito ne daga aikin mishan na SIM da SUM da makamantansu, amma daren tsaro na ƙarshen shekara ya zama na kowa, daga birni har ƙauye. Koyarwar kwanaki kafin daren, da kalmomin miƙa kai, da ƙaramar ƙungiya mai bin sawu, su ne ba a cika gani ba. Abin da ya cike gurbinsu a wurare da yawa shi ne raɗa wa shekara suna: shekarar buɗi, shekarar ɗaukaka, shekarar ninki biyu. A ce wa mutane su rubuta bukatunsu a takarda, su haɗa da baiko na musamman, su kawo gaba. Roƙon Allah aure ko aiki ko lafiya ba laifi ba ne, Uba ne. Amma in aka koya wa jama'a cewa baikon daren nan shi ne zai saya musu shekara mai kyau, ko kuwa wanda sha biyu ta buga masa a waje ya rasa albarkar shekara, to an koma kan fararen bijiman Jufita da camfin da Kirisostom ya yi wa'azi a kansa. Haka kuma wa zai amsa wa gwauruwar da aka yi wa shelar shekarar dariya a Janairu, ta binne mijinta a Mayu? Tsohuwar sujadar alkawari ta yi tanadin irin wannan shekara tun daga ranar farko.

'Yan Metodis da suka kawo bishara gaɓar Afirka ta Yamma sun taso ne cikin wannan sujada. Wasu matasa a Cape Coast, a ƙasar Gana ta yau, waɗanda suke taruwa don nazarin Maganar Allah, sun aika ta hannun wani matuƙin jirgin ruwa a kawo musu Littattafai Masu Tsarki. Aka aiko musu da littattafan har da mai wa'azi. Joseph Dunwell ya sauka a Cape Coast ranar 1 ga Janairu 1835. Kafin watan Yuni na wannan shekara ya ƙare, zazzaɓi ya kashe shi. Mutum huɗu da suka biyo bayansa, maza biyu da matansu, duk sun mutu kafin ƙarshen 1837, masu bi na garin ne suka riƙe aikin a tsakani. Thomas Birch Freeman ya iso a Janairu 1838, ya binne matarsa cikin 'yan makonni, ya ci gaba da aiki. Shi ne ya sauka a Badagry a watan Satumba 1842.